Ƙarfe Ma Yana Gajiya: Haƙƙin Mai Saye A Kasuwar Tsofaffin Kayan Motar Tsere

Tambayar da za mu tattauna a wannan fitowa tsohuwa ce ƙwarai: idan mutum biyu suka zauna ciniki, ɗaya ya san kayan ciki da waje, ɗayan kuwa idonsa kaɗai gare shi, me ya wajaba na farkon ya faɗa, kuma nawa ya halatta ya karɓa? Na zaɓi in kai mu wata kasuwa mai nisa don mu kalli tambayar da kyau, wato kasuwar tsofaffin kayan motocin tsere da ake ci ta intanet a Amurka da Turai. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da tseren motoci? Dalilina shi ne da wuya a samu kasuwar da wannan tambaya ta fito fili kamar can, domin a can abin da mai sayarwa ya ɓoye yana iya zama sanadin ajalin mai saye kafin mako ya zagayo. Sannan da yawa daga cikinmu yanzu a waya muke sana'a, mu ɗauki hoton kaya mu tura, a turo mana kuɗi, ba a ga juna ba. Ai cinikin ɗaya ne, kayan ne suka bambanta.

Tseren motoci sana'a ce mai hawa-hawa. A sama akwai manyan ƙungiyoyi masu kashe miliyoyin daloli a shekara, irin na Formula 1 da na NASCAR ta Amurka. A ƙasa kuma akwai dubban ƙananan direbobi, makanikai da manoma da direbobin manyan motoci, waɗanda ke neman abincinsu daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar da dare su jawo motar da suka harhaɗa a garejin gida su je ƙaramin fili su yi tsere. Abin da na sama suka cire daga motarsu, shi na ƙasa ke saye. A garin Mooresville da ke jihar Karolina ta Arewa, inda ƙungiyoyin NASCAR da yawa suke da mazauni, akwai shagunan da sana'arsu ke nan, su kwaso kayan da manya suka ajiye su sayar wa ƙanana, kamar dai yadda Ƙofar Ruwa take a Kano ga mai neman kayan mota na hannu. A shekarar 2022 da NASCAR ta sauya ƙirar motar babbar gasarta gaba ɗaya, kayan tsohuwar ƙira da yawa ba su da sauran amfani a wurin manya, sai suka gangaro ƙasa. Amma yawancin cinikin yau ba a shago ake yinsa ba. A eBay ake yi, da RacingJunk, da Facebook, tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, kuma wataƙila ba za su taɓa haɗuwa ba.

To mene ne ya raba kayan motar tsere da sauran kayan gwanjo? Ki ɗauki wayar ƙarfe, ki lanƙwasa ta gaba, ki mayar baya, ki yi ta yi. Sau biyar na farko ba abin da za ki gani. Can sai ta karye tas a hannunki, ba sallama. Wannan shi injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe: 'yar tsaga ce ke farawa a ciki, wadda ido ba ya gani, tana girma kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka matsa wa ƙarfen, har ranar da zai rabe. Motar da maigida ke kai yara makaranta da ita, injinta yana juyi wajen dubu biyu zuwa dubu uku a minti. Na motar NASCAR yana kai wajen dubu tara, wato juyi 150 a daƙiƙa guda, kuma haka zai yi ta yi a tsere irin na Daytona mai tsawon mil 500. Ga shi kuma da gangan ake ƙera kayan marasa nauyi don motar ta yi gudu. Saboda haka manyan ƙungiyoyi sukan ba kowane muhimmin ƙarfe lamba, su buɗe masa shafi, su rubuta nisan da ya yi. Idan ya cika adadin da aka ɗiba masa sai a cire shi, ko da yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga kwali. Akwai kuma gwaje-gwajen gano tsaga, na maganaɗisu da garin ƙarfe, da na wani jan ruwa da ke shiga tsagar ya tona ta, amma ba wanda zai iya yin su ta hoto.

Kin ga ke nan, a ce ga karanshaf biyu a hoto, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, ƙyalli ɗaya. Ɗaya tsere biyu ya yi, ɗayan kuwa ya gama kwanakinsa. Mai saye ba shi da hanyar bambance su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ake saye a zahiri shi ne sauran kwanan da ya rage wa ƙarfen, wannan kuwa a cikin littafin mai sayarwa yake, ko a cikin kansa.

Bari mu fara da farashi, don shi ya fi saurin tayar da jijiyar wuya, ko da yake a ganina shi ne mafi sauƙin warwarewa. Mai sayarwa yakan duba kuɗin sabo, ya duba nawa aka sayar da irin kayansa kwanan nan, tunda eBay tana nuna cinikin da ya riga ya faɗa, sai ya yanka nasa. Idan ya tsawwala, ya yi laifi? Mun san cewa an taɓa yin tsadar kaya a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Malamai sun yi magana mai tsawo kan inda hukuma za ta iya sa baki, musamman a kan abinci da abin da jama'a ba su iya rayuwa sai da shi, amma fistin motar tsere ba ya cikin wannan sahu. Ba wanda yunwa za ta kashe don bai saya ba. Mai kaya ya faɗi kuɗinsa, mai saye ya taya, in bai yi ba a ce albarka, kowa ya kama gabansa.

Har ma akwai inda tsohon kaya ya fi sabo tsada nesa ba kusa ba, kuma ba zalunci a ciki. Motar Ferrari da Michael Schumacher ya yi tsere da ita a 2003, an yi gwanjonta a birnin Janeba a 2022 a kan fiye da dala miliyan 14. Haka ma guntun fiffike ko tayar da wani shahararren direba ya yi amfani da ita, sai a saya da tsada a rataye a falo. Ke kina iya cewa almubazzaranci ne, ni ma ba zan yi miki musu sosai ba, amma ba a cuci kowa ba, domin mai sayen ya san abin da yake saye, tarihi yake saye. Abin da nake so mu lura da shi a nan shi ne halin ɗan Adam. Idan tarihin ƙarfe zai ɗaga kuɗinsa, mai kaya ba ya mantuwa ko kaɗan: zai faɗi ranar tseren, da sunan direban, da lambar motar, har da takardar shaida mai hatimi. Idan kuwa tarihin zai rage kuɗin, a ce motar ta taɓa dukan bango, ko injin ya taɓa zafi har ya ƙone, nan take sai mantuwa ta sauko masa. Mutum ɗaya ne fa, kuma littafi ɗaya ne.

Mai irin wannan mantuwa yana da hujjarsa, kuma ya kamata mu saurare ta. Zai ce, ni ban yi ƙarya ba. Na sa hoto, na rubuta sunan kamfani da girman kayan, duk gaskiya ne. Bai tambaye ni ko motar ta taɓa haɗari ba, da ya tambaya da na faɗa. Kuma kowa ya shigo kasuwar kayan hannu ya san ba sabo zai samu ba, shi ya sa yake biyan ƙasa da kuɗin sabo. Ina laifina?

Laifin yana cikin farashin da ya rubuta. Farashi ma magana ce. Idan lafiyayyen karanshaf na hannu ana sayar da shi, a ce, dala dubu, kai kuma ka rubuta wa naka dala dubu alhali ka san ya gama kwanakinsa, to ka riga ka ce wa duniya lafiyarsa ƙalau, sai dai da lamba ka faɗa ba da harshe ba. Ragin da mai saye ya samu daga kuɗin sabo, na tsufan da ya sani ne, bai shafi aibin da aka ɓoye masa ba. Duk mun san labarin mai sayar da abincin nan da Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurinsa, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Shi ma ai ba a ce ya buɗe baki ya yi ƙarya ba. Jera kayan kawai ya yi yadda ido zai yi masa ƙaryar, kuma aka kira abin algus. Haka nan hukuncin wanda ya ƙi tatsar akuya ko raƙuma kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a ɗauka mai yawan nono ce: shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da ita. To wanda ya wanke ƙarfe da inji har ya yi fes, ya shafa fenti a kan inda aka yi walda, ya juya gefen da ya lotsa zuwa bango kafin ya ɗauki hoto, da me ya bambanta da mai akuyar? Wanke kaya kafin sayarwa ba laifi ba ne, ko dillaliya tana goge kwanon samira kafin ta shiga da shi gidaje. Amma idan an goge ne don a shafe wata alama da mai saye zai so ya gani, magana ta canza.

Akwai kuma mai sayarwar da shi kansa bai san tarihin ba, don hannu na uku ko na huɗu ne kayan suka zo masa. Wannan ba a ɗora masa abin da bai sani ba. Abin da ke kansa shi ne ya rubuta a fili cewa bai san nisan da ƙarfen ya yi ba kuma ba a gwada shi ba, ya sa farashin da ya dace da hakan, ko kuma ya biya a gwada ya haɗa da takardar. Inda matsalar take shi ne wata 'yar jimla da masu talla ke son liƙawa a ƙarshe, wai an sayar da kaya yadda yake, ba a mayarwa. Mai gaskiya yana rubuta ta, maƙaryaci ma yana rubuta ta, harafi ɗaya. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsayawa a kan cewa irin wannan sharaɗi ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru a kansa. Ba a fakewa da "yadda yake" alhali an san yadda yake ɗin.

Kuma cutar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 kan kasuwar motocin hannu, rubutun da ya taimaka wajen ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna a taƙaice shi ne, idan masu saye ba sa iya bambance mai kyau da mara kyau, to kowane kaya za su taya shi da kuɗin zargi. Mai kaya mai kyau ya ga ba zai samu haƙƙinsa ba sai ya janye, kasuwa ta koma hannun masu ruɓaɓɓe. Wato duk wanda ya ɓoye tsaga ɗaya ya ɗan ciri wani abu daga aljihun kowane mai gaskiya a kasuwar. Abin sha'awa, ita kanta eBay da akasin haka ta fara. A 1995 wanda ya kafa ta, Pierre Omidyar, ya sa wata 'yar tocilar lesa da ta lalace a gwanjo, ya faɗi cewa lalatacciya ce, wani ya saya a kan dala 14 da santi 83. Sai Omidyar ya tuntuɓe shi ya tambaya, ka dai gane ba ta aiki ko? Mutumin ya ce ya gane. Ciniki ya faɗa, ba wanda ya cuci wani. (Ita kuwa dabarar sa ƙani ko aboki ya riƙa tayi na ƙarya don kuɗi ya hau, wadda fiƙihu ke kira najashi, ba sai mun tsaya a kanta ba. Shari'a ta hana, eBay ma ta hana.)

Yanzu ga wurin da abin ya fi wuya. Shin idan mutum ya faɗi komai, ya fita? A yawancin kaya, i. Wanda ya sayi gajiyayyen fistin da saninsa, in ya fashe, asarar kuɗi ya yi, kuma shi ya zaɓa. Amma akwai kayan da rai ke rataye a jikinsu. Bel ɗin da ke ɗaure direban tsere, zarensa yana raunana da rana da zafi da shekaru, shi ya sa hukumar SFI ta Amurka ta sa wa irin wanda aka fi amfani da shi wa'adin shekara biyu, hukumar FIA ta duniya kuma ta sa wa nata shekara biyar. Hular kwano kuwa, soson da ke cikinta sau ɗaya yake aiki: ya murƙushe ya shanye dukan, ba ya komawa yadda yake, alhali bayan hular yana iya zama sumul, kyan ɗan maciji. Gidauniyar Snell da ke gwada huluna an kafa ta ne a 1957 bayan wani direba, Pete Snell, ya mutu a tsere a 1956 saboda hularsa ba ta kare shi ba. Dale Earnhardt, wanda ya ci kambun NASCAR sau bakwai, ya mutu a zagayen ƙarshe na tseren Daytona ranar 18 ga Fabrairu 2001, kuma binciken NASCAR ya nuna bel ɗinsa na cinya ya tsinke a haɗarin. Wannan fa mutum ne da ba ya rasa kuɗin sayen kaya mafi inganci. Ina ga yaron da ya sayi nasa a hoto?

Masu kare sayar da irin waɗannan kaya suna cewa, mai sayen baligi ne mai hankali, an faɗa masa, kuma talaka ne. In ba ka sayar masa da naka ba, da wanda ya fi shi lalacewa zai shiga fili. Maganar tana da nauyi, ba zan ce ba ta da shi ba. Amma abu biyu ne suka sa ban bi ta ba. Na ɗaya, ba shi kaɗai ba ne a filin. Idan sitiyari ko birki ya saki a cikin gudu, akwai motoci a gefensa, akwai ma'aikata, akwai 'yan kallo, kuma cikinsu ba wanda aka nemi yardarsa. Na biyu, gaskiyar da ka faɗa ba ta bin kayan. Ka gaya wa wanda ya saya cewa hular ta taɓa dukan bango, to. Bayan wata shida shi kuma ya sa ta a kasuwa, bayanin naka ya tsaya a wayarsa, hular ta wuce gaba tana ƙyalli. Malamai sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi, duk da inabi halal ne, saboda duban inda abin zai ƙare. A kan wannan ma'auni, bel ɗin da wa'adinsa ya wuce sai dai a mayar wa kamfaninsa ya sake masa zare idan irin wanda ake sakewa ne, ko a yanke shi. Hular da ta sha duka a datse igiyarta kafin ta bar gida, in ya so mai son ado ya ajiye a kan kabad. Asara ce ta 'yan daloli, kuma na san mai kayan zai ji ta a jikinsa.

Duk wannan magana kan mai sayarwa muka yi ta. Amma wani lokaci mai sayen ne ya san kaya, mai sayarwa kuwa tana cikin duhu, kuma da gangan na ce "tana". Akwai wani barkwanci da ke yawo tsakanin masu wannan sha'awa, wai babban tsoron kowannensu shi ne ya mutu matarsa ta sayar da kayan garejinsa a kuɗin da ya gaya mata ya saye su. Su dariya suke yi. Ni kuwa abin da nake ji a ciki shi ne miji ya shekara ashirin yana rage wa matarsa lissafi, sannan ranar da ya faɗi, ƙaryar tasa ta koma kanta da 'ya'yanta. Ga ta da gareji cike da ƙarafan da ba ta san sunansu ba, ga bashin asibiti, sai wani abokin mamacin ya zo gaisuwa, ya leƙa gareji, ya ce kada ta wahalar da kanta da intanet, zai kwashe duka ya ba ta abu kaza. Ita har godiya take yi.

Shi ma yana da tasa hujjar. Zai ce ilminsa ne, shekaru ya yi yana tara shi, kuma duk kasuwanci a kan haka yake, ka sayi abu da araha inda ba a san darajarsa ba ka kai inda aka sani. Gaskiya ne idan da ɗan'uwansa masani yake ciniki, wanda ya karya farashi don yana sauri. Amma wadda ta dube ka ta ce, kai ka san kayan nan, nawa ya kamata, ba tayi take nema ba, amana ta damƙa maka. Fiƙihu yana da suna ga irin wannan mutum, mustarsil, wato wanda ya saki jiki ya dogara da kai, kuma an ba shi zaɓin warware ciniki idan aka yi masa mummunan kamu, har wasu malaman Malikiyya suka auna munin da kashi ɗaya cikin uku na ainihin kuɗin kaya. Balle kuma kayan gado ne, da haƙƙin marayu a ciki. An ruwaito cewa an taɓa yi wa sahabi Jarir ɗan Abdullahi cinikin doki a kan dirhami 300. Da ya ga dokin sai ya ce wa mai shi ya fi haka, ya yi ta ƙara masa da kansa har ya kai 800, saboda alkawarin da ya ɗauka na yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba a ce kowa sai ya kai Jarir ba. Mafi ƙaranci dai mutum ya ce, Hajiya, injin nan kaɗai ya fi abin da zan iya biya, ki bari a nemo wani ya kimanta.

Ita kuma matar, kada ta sallama gareji a dunƙule ga wanda ya fara zuwa, komai kusancinsa da mamacin. Ta nemi mutum biyu da ba su san juna ba su kimanta, ta sa yaro ya duba mata nawa aka sayar da irin kowane ƙarfe kwanan nan, ba nawa ake nema ba, don su biyun ba ɗaya ba ne. Kafin duk wannan ta bincika aljihun tebur da bayan ƙofa ta nemo littafin da mijin yake rubuta tseren da kowane ƙarfe ya yi, da rasitan sayensu. Da shi za ta san wanda za ta riƙe wa wuta a farashi, da wanda za ta rubuta wa aibinsa a ƙarƙashin hoto, da wanda za ta sa wa almakashi.